Mai Wankin Kwalabe

Nan inda ɗakin gwaji ya zauna
gonar Baba Arzika ce a da,
gero da wake, kuka ɗaya a tsakiya.
Kukar tana nan, an yi mata lamba da fenti.
Ɗalibai na cin gyaɗa a inuwarta,
ba su san wa ya ɗaure jaki a nan ba.

Shekara goma sha tara ina wankin kwalabe.
Daga Dundaye nake tasowa bayan asuba,
ni da kekena da makullai tara.
Na san ruwan da ke cin yatsa,
na san wanda ba ya shiri da ashana.
Ƙuna ce ta koya mini, ba allo ba.

Baba kan tambaye ni, yana murza goro:
"Me sunka shuka a gonar tawa?
Damina ta wuce, kaka ta wuce,
ni dai ban ga dami ba."

Me zan ce masa?
Na ga littattafai masu baƙin bango,
kowane gumin shekara huɗu,
an jibge su bayan kabad har rufi.
Gara ce kaɗai ke karanta su,
ita ma ba ta gode ba.
Har ya koma ga Mahalicci
ban samo masa amsa ba.

Sai ga Dakta Kulu wata Talata
da buhun ruɓaɓɓiyar albasa daga Wurno.
Wari ya kori masu gadi daga ƙofa,
ita ko tana yanka, tana leƙe a madubi,
kamar mai neman ɗan kunnen da ya faɗa rijiya.
Ta ce manomi na zuba goma a rudu,
kafin farashi ya tashi huɗu sun zama ruwa,
kuma ba ɓarawo ne ya shiga ba.

Shekara uku muna kai.
Wuta ta ɗauke, firji ya mutu da abin cikinsa.
Yajin aiki ya rufe ƙofa wata takwas.
Da albashinta ta sayi man janareta.
Na ga ta yi kuka sau ɗaya,
ta ce albasa ce. Ban musa ba.

Ran nan ta jawo kujera kusa da baho:
"Malam Bube, yaya Babanka ke ɗaura rudu?"
Na ce ƙasa ba ta taɓa gindinsa,
bakinsa na kallon inda iska ke fitowa,
kuma sai wuyan albasa ya bushe ƙamas ake ɗauka.
Ta rubuta. Wallahi ta rubuta!
Ban taɓa ganin maganata a takarda ba.

Munka ɗaga rudu na kara da azara,
ta sa masa ƴar fanka mai shan rana,
ranar nan ta Sakkwato da muke zagi,
ashe ma'aikaciya ce ba a ɗauka ba.
Na farko ya ƙi. Na biyu akuya ta ci waya.
Na uku, Modi na Wurno ya zuba goma,
da ruwa ya sauka ya kwashe tara.
Ya zo har nan da kabu-kabu, yana haki,
ya rasa wa zai gaisar, ya gaida kukar,
bai san ta Babana ce ba.

Littafin Dakta ya fito, baƙin bango shi ma.
A shafin godiya akwai sunana,
sun rubuta Buba maimakon Bube. Ba komai.

Jiya Tumba ta yanka albasar Modi a miya,
cikin Yuli, tauri kamar ranar da anka tone ta.
Na zauna a ƙofar gida, idona na yaji.
Baba, ga damin. Ya yi jinkiri,
amma gonarka ba ta mutu ba.