Kwafi Na Tamanin Da Bakwai

A Porto, kan titin da ke gangarawa kogi,
Ermelinda ta ciro littafin mijinta daga akwati.
Shekara talatin da ɗaya yana naɗe cikin alharini,
Baltazar bai taɓa barin hannu marar safa ya shafe shi ba.
Ɗari da hamsin kacal aka buga,
nasu ne na tamanin da bakwai,
ga sa hannun mai zanen, kamar sawun kaza a laka.

Dillali zai zo gobe da ƙarfe goma.
Ya ja kunnenta: kada ki raba shafukan,
darajarsa a rufe take.

Ashe shi kansa Baltazar bai karanta ba.
Bakin takardun a manne suke,
kamar leɓɓan wanda ya yi rantsuwa.

Ruwa na dukan taga.
Ta wanke wuƙar da take gyaran kifi, ta goge da gefen riga.

Wani masani da ya kwanta dama shekara ɗari huɗu
yana tambaya ko mutum kan san kansa.
Mai zanen ya ba shi amsa:
kujera mai saiwa a tsakiyar teku,
kifi a kanta, ya harɗe, yana ɗinke inuwarsa da allura.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

A babin abota, takalma biyu, duk na ƙafar hagu,
suna hawa tsani zuwa kunnen wata.

A babin mutuwa babu kabari.
Ƙofa ce tsaye a fili, ba bango,
an rataye mata hula kamar mai ita zai dawo.
Irin hular Baltazar ce.
Nan wuƙar ta huta.
Masanin ya ci shafi tara yana lallashi,
mai zanen bai ce uffan ba,
amma da shi ta yarda.

Ta san duk shafin da ta raba
kuɗin gyaran rufi ne ke zuba
kamar gishiri daga ɓulallen buhu.
Ta ci gaba.

Gari ya waye da ƙararrawar coci da kukan tsuntsayen teku.
Kofin shayi ya bar zobe a shafi na ɗari da biyu.
Dillali ya shigo, ya duba, ya dafe kai.

Ta tura masa kujera.
Zauna, in ji ta,
bari in nuna maka kifin.