Ƙwanƙwasa Kafin Ki Saya

A Filton, gefen Bristol, ruwan sama ba ya sallama,
sai dai ka ga taga ta fara gumi.
Ƙarfe bakwai ina kan kujera, shayi ya huce,
a gabana fuffuken jirgi ne,
rabinsa a allon kwamfuta,
rabinsa a kaina, inda yake hana ni barci.

Shekara tara ke nan.
Da na gaya wa Inna a waya fuffuke nake zanawa,
ta yi shiru, can ta ce,
"To shi shaho wa ya zana masa?"

Mista Pritchard, wanda ya koya mini aiki, mutumin ƙarfe ne,
ya san alminiyom kamar yunwar cikinsa.
Yakan ce, "Ƙarfe ba munafuki ba ne.
In ya gaji zai faɗa.
Tsaga takan fara daga bakin ramin ƙusa,
siririya kamar gashin ido,
ta yi tafiyar hawainiya, tashi dubu, sauka dubu.
Ki auna ta bana, ki san inda za ta kai baɗi."

Ni kuwa rabona zare ne,
baƙin zaren kabon.
A shimfiɗa ƙyalle kan ƙyalle,
wannan ya miƙe, wancan ya karkata,
a shayar da su ƙaro,
a gasa a tanda mai girman zaure.
Ya fito ba nauyi, ga taurin kai.
Sai dai zurfin ciki gare shi.
Sifana ta suɓuce wa makanike ta faɗa masa,
fuska sumul, ko tabo babu,
can ciki kuwa ƙyalle ya rabu da ɗan'uwansa,
kamar gidan da ake gaisawa da safe
amma kowa da tukunyarsa.

Muna da na'urar da ke leƙa ciki da sauti.
Duk da haka ran nan tsohon ya laluba aljihu,
ya ɗauko sulalla,
ya bi fatar fuffuke da ita: ƙwas, ƙwas, ƙwas, dum.
Na fashe da dariya har ya tsargu.
Ina zai sani?
Kaka Tabawa ce ta faɗo mini, a kasuwar Jibiya,
ta duƙa kan tulu tana buga shi da zobe,
mai tulu na rantsuwa, ita ko kallonsa ba ta yi,
kunnenta take saurare.

Ranar gwaji muka taru bayan gilashi.
Aka ɗaure fuffuken, jak-jak suka yi ta ɗaga shi,
ya lanƙwashe kamar bakan maharbi,
ya wuce nauyin da iska za ta taɓa ɗora masa,
ya ƙara rabin haka,
sannan ya fashe, ƙarar har cikin haƙorina.
A inda na ce zai karye, nan ya karye.
Kowa na tafi.
Ni banɗaki na shige, gwiwoyina suna rawa.

Yanzu sababbin ɗauka suna tambayata,
"Ƙarfe za mu bi ko zare? Wanne ke da gaba?"
Nakan ce su koyi mahaɗa.
Kabon da alminiyom ba sa ga maciji,
in suka taɓa juna cikin danshi, ɗaya zai ci ɗaya,
sai an sa musu shamaki.
Albashin mai sulhu muke ci, ni da su.

Mista Pritchard ya yi ritaya, yana kiwon zuma a Monmouth.
Sulallar tana cikin aljihun teburina.

Jibi Inna za ta zo, hawanta na farko.
Na zaɓa mata kujera daidai fuffuke, gefen taga.
Na san ta.
Kafin ta zauna sai ta dunƙule yatsa
ta ƙwanƙwasa bangon.