Karan Ɗori

Kwana tara da haihuwa, ragon suna ya ƙare har ƙashi,
na tsaya a tagar ofishin magajin garin Garwa
da takardar asibiti ninke cikin hula.

Akawu Bakari ya ɗauki biro, bai ɗago kai ba.
"Sunan yarinya?"
Na ce uku ne.
Sai ya ɗago.

Na farko, Suwaiba.
Bakina ya yi nauyi, sunan mahaifiyata ne,
shekara arba'in ban taɓa furta shi ba
sai yau, ta taga, ga baƙo.
Ya rubuta shi da rubutun Faransa,
ya kumbura, ya cinye rabin layi
kamar yadda mai shi ke cinye rabin tabarma.

Na biyu, Jebba.
Surukata ce, ta taso daga Pitowa bisa babur
da ƙwaryar kindirmo a cinya,
ta ce in ba a sa nata ba, ita da gidana
sai a lahira.

Na uku, Marsalin.
Ya ajiye biro. "Malam, wannan ba naku ba ne."
Na ce daren da aka ɗauke wuta
ita ta riƙe fitilar waya da haƙora,
hannayenta biyu na warware cibiya daga wuyan 'yata.
In ba namu ba ne, numfashin fa na wa?

Ya auna layin da farce.
"Gurbin bai kai ba. Sai dai in haɗa su da karan ɗori."
Ya ja ɗan guntun layi, ya sake jan wani,
gada biyu, ba su kai ƙwayar shinkafa ba,
amma na ga mata uku sun haye Binuwai a kansu,
ba wadda ta jiƙa zane.

Hatimi ya sauka, tim.
"Ranar jarrabawa za ta yi kuka da kai,
tana kan rubuta suna, sa'o'inta sun kai tambaya ta biyu."
Na ce ta yi.

Da la'asar na shiga gida.
Aka miƙo min ita tana barci, baki buɗe.
Na farkon, kunya ta hana ni kira.
Na biyun, kunya ta hana uwarta.
Na ukun, harshen maƙwabta ya kasa.

Sai yayanta Sali, ɗan shekara uku,
ya tsokani kumatunta da yatsa mai maiƙo,
ya so ya ce Suwaiba,
ya ce, "Gwaiba."

Takardar na ƙasan akwati, cikin leda.
Gwaiba ta fara rarrafe.