Makulli Ba Mota

Na dawo sallar asuba ran Talata,
Carbi a hannu, ina ta hamma,
Na duba gindin darbejiyar ƙofa,
Fili fetal, babu mota.

Na tsaya kamar wanda ya ɓata layi,
Na ƙirga gidaje, namu ne dai,
Ga dutsen da nake tokare taya,
Ga tabon baƙin man da take ɗiga,
Kowa na nan, sai ita ce ta ɓata.

Makullin kuwa na cikin aljihuna,
Na damƙe shi har ya yi min shaida,
Ashe ɓarawo ba ruwansa da makulli,
Mai kaya ne kawai ke bukata.

Akori-kura ce, tsohuwa, shuɗiya,
Sai da turi take tashi da safe,
Ni da Nafi'u mu jiƙe da gumi,
Amma daren jiya ko tari ba ta yi ba,
Ta bi baƙo sumul, ta tafi abinta.

Kwasar adashi biyu na haɗa na saya,
Har gobe ina zubin na biyun.
Da ita kaɗai ce, da na haɗiye,
Akwatin aikina na bayanta:

Injin huda, injin yanka, gizago,
Kurfi shida, tef da guduma,
Da zarton Baba mai mariƙin maɗaci,
Babban yatsansa ya yi masa gurbi,
Nawa ya zo ya zauna cif a ciki.
Wa zai faɗa wa mai saye wannan?
Ƙarfe zai gani, ya taya, ya huta.

A caji ofis an ba ni benci.
Lamba? Na faɗa. Kala? Na faɗa.
Wa kake zargi? Na ce ba kowa.
Je ka gida, za ka ji kiranmu,
Amma ka bar na mai, a bi sawunta.

Kwana uku ina Ƙofar Ruwa,
Ina leƙen ƙofofi da fitilu a jibge,
Duk shuɗin ƙarfe gabana ya faɗi.
Wani ya ce, Malam, me ake nema?
Na rasa ta wace gaɓa zan kwatanta.

Hajiya Barira ta bugo waya,
Gadon 'yarta, biki saura sati biyu.
Rabin kuɗin ya zama katako,
Tun daga Na'ibawa na jido shi,
Ga itace, ga hannu, ga alkawari,
Ba zarto, to ina kafinta?

Masu jaje sun zo, sun koma,
Allah ya mai da alheri, in ce amin,
Baki ke faɗa, ƙirji na baya.
Babur ya wuce da dare, in zabura.
Asabe ta ce, ka ci tuwon nan,
Ɓarawon ya ci nasa tuni ya kwanta.

Ran Juma'a sai ga Tasi'u,
Wanda muka shekara ba ma gaisawa
Kan aikin rufin da ya ƙwace min.
Ya dire buhu, bai dube ni ba,
Ya ce, tsofaffi ne, ba na taɓa su.
Ƙarya yake, na kama mariƙin zarton,
Ɗumin hannunsa bai gama huce ba.
Na buɗe baki, godiya ta maƙale,
Ya ce, ka wasa shi, ya juya ya fita.

Asabar da hantsi na ɗora katako,
Na shafa kunnena, ga fensir,
Shi dai da ni ya kwana, ya tsira.
Na ja layi, Nafi'u ya danne,
Yatsana bai sami gurbinsa ba,
Amma garin katako ya zuba a ƙafata.

Makullin na rataye shi a ƙusa,
Asabe ta ce in yar, na ƙi.
Ni ne Halliru na Kurna, kafinta,
Kullum in na fito daga masallaci,
Idona kan riga ni zuwa gindin bishiyar,
Sannan in wuce, in tari adaidaita.