Hamsin da Uku

Damina ce a Zariya, masara ta yi goyo,
Kubanni ta cika har tana lasar gada.
Ni ina shagona a PZ, tsakiyar matattun wayoyi,
ina ta da na mutane,
tawa na kwance a gefe, fuskarta sama,
ina jiran ta yi ƙara.

Tanimu ƙanena ne.
Shi ne wanda tun yana ɗan sha biyar
yake sauke buhu daga mota a kasuwar Sabon Gari
shi kaɗai, ko nishi babu.
Inna kan ce, wannan cin tuwon naka
wata rana zai biya kuɗinsa.
Ya kuwa biya.
Wani ya gan shi a fili a Samaru, ya auna tsawo, ya auna gudu,
sai ga shi a Amurka,
hular kwano a ka, kafaɗu kamar ya cusa gammo biyu,
yana bin ƙwallo mai siffar gwanda.

Wasa ya ƙare tun watan biyu, ciniki bai ƙare ba.
A can in an rufe fili, kasuwa ake buɗewa.
An yi musanyar abokin ɗakinsa zuwa wani gari mai ƙanƙara,
yana tsakiyar aski ya ji labari.
An kwaso sabbin yara daga jami'a,
jini a jika, gwiwa ba tabo.
Wanda ya koya masa tsayuwa, shekara talatin da ɗaya kacal,
wai ya tsufa. An ce mun gode, ga kwali, kwashe kayanka.

Sannan masu kwat suka zauna suka taɓa doka.
Shi abincinsa a bugun farko yake:
a buga, ya sheƙa a guje,
ya yi karo da duk wanda ya tare hanya.
Yanzu an ce a tsaya cak sai ƙwallo ta sauka,
don kawuna su huta.
Da na faɗa wa Inna, ta ɗaga hannu sama,
ta ce Allah ya yi wa mai dokar nan albarka.
Na ce amin.
Ban gaya mata ba, gudun nan da aka rage
shi ne gonar ɗanta.

Su casa'in ne a sansani, hamsin da uku za a bari.
Na yi lissafi a bayan rasit:
talatin da bakwai za su wayi gari ba riga.
Malam Shu'aibu mai shayi ya leƙa takardar,
ya ce ai wannan tankaɗe ne,
rariya kuwa ba ta san ɗan gida ba.
Ya ƙara mini madara, bai karɓi kuɗi ba.

Yau ce ranar.
Yammacinsu darenmu ne.
An ɗauke wuta a Tudun Wada tun magariba,
ruwa na dukan kwanon ɗaki kamar mai bin bashi.
Tara ta gota, waya ta haska.

Yaya, ya ce.
Sai shiru, mai tsawon teku.
Sun ce in kawo littafin dabaru in miƙa.
Wataƙila gobe su kira ni cikin 'yan atisaye,
wataƙila wani gari ya nema.
Wataƙila uku na ƙirga.

Na buɗe baki in ce wani hani ga Allah baiwa ne,
ya riga ni:
an fara gasa sabuwar masara a Kwangila?
Na ce an fara, har ta yi araha.
Ya yi dariya, irin ta da, mai cika zaure.

Inna ta ɗaga labule da fitila a hannu.
Me ya ce?
Na ce yana gaishe ki,
kuma kansa lafiya lau.