Sunan da ke Bayan Riga

Egyir ne sunan ubana, haruffa biyar kacal,
amma kulob bakwai na yi wa gumi,
babu wanda ya rubuta shi daidai a bayana.

A Moree na tashi, a bakin teku,
inda kwale-kwale ke kwana bisa rairayi.
Ragar golanmu tsohuwar komar Baba ce,
kifi ya riga mu sanin ɓulolinta.
Ya ce, "Kwamena, zo ka riƙe allura."
Na ce ƙafata ta fi hannuna wayo.
Bai tanka ba, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Sai ga wani mai takalmi mai ƙyalli
da takarda shafi tara, duk ƙananan rubutu.
Uwata Araba ta jinginar da murhun bandar kifi,
ta cusa mini shito a kwalba, ta naɗe da zane,
a filin jirgi suka ƙwace.

A Beljiyam suka cinye harafi ɗaya.
Wata takwas ina ɗumama benci,
benci bai taɓa ɗumama ni ba.

A Bulgeriya da baƙaƙensu suka rubuta,
na tsaya gaban madubi ina tambayar rigar
ko ni take nufi.
Ƙwallo sha ɗaya na zura musu,
albashin wata huɗu na nan a bakin shugaba.
Wasu 'yan kallo suna mini kukan biri;
ranar da na ci, su ne suka fara rungumata.

Turkiyya kuwa, kai, Turkiyya!
Minti tamanin da tara, ruwa na zuba,
ta zo mini a ƙirji, na kwantar da ita,
na juya na sake ta da hagu.
Har yau ban ji ƙarar ragar ba,
gari ne ya fashe a kunnena.
Shekara guda mai aski bai karɓi kuɗina ba,
shayi a ɗan kofi duk inda na zauna.
A nan ma EGIYR suka rubuta, na yafe.

Sau ɗaya gida ya kira.
Na rera taken ƙasa har muryata ta dishe,
na zauna, aka tashi wasa,
takalmina bai ɗauki ko ciyawa ɗaya ba.

Na aika injin kwale-kwale, na aika bulo,
kuɗin makarantar Ekua, kuɗin asibitin kawu.
Waya ba ta ƙara sai da buƙata,
sai ranar da ta yi ƙara babu buƙata.
A allon waya na ga an binne Baba,
ina ɗakin sauya kaya, ƙafa ɗaya cikin safa.

Gwiwa ta tafi a tsibirin Kuburus,
ƙas, kamar an taka busasshen kara.
Mai takalmi mai ƙyalli ya daina ɗaga waya.

Yanzu ina can ƙuryar arewacin Norway,
inda rana kan ɗauki hutun wata biyu.
'Yan kallo ɗari uku, na san karnukansu.
Wata safiya ina ɗingishi a bakin tasha
hancina ya isa gida kafin ni:
kifi ne rataye a katako, iska na busarwa.
Wani tsoho, Oddvar, yana fama da koma,
yatsunsa sun ƙi lanƙwasa don sanyi.
Na miƙa hannu. Ya ba ni allura.

Ashe hannun nan yana kallo tun can.
Ƙulli ya bi ƙulli, ban koya masa ba.

Ran Litinin suka ba ni rigar aiki,
ruwan lemo, mai ƙarnin teku, ba lamba.
A ƙirji, wajen aljihu, da baƙin zare,
matar Oddvar ta ɗinka haruffa biyar.
Na ƙirga su sau biyu.