Mabuɗin Ƙofar da Babu

Shekara tara yana aljihuna na dama,
mabuɗin ƙofar da wuta ta cinye.
Wando uku ya huda mini.
Lai'atu ta gaji da faci, ta ce,
"Tanko, ƙarfen nan me yake buɗewa?"
Na ce ta bar shi.

Ni ke buɗe majami'a tun asuba,
in yi shara, in jera bencuna,
in cika randa saboda yara.
Ranar da hayaƙi ya rufe mana sama
ƙarƙashin gadon Inna Gambo na kwana,
ita tana bakin ƙofa da carbinta
tana ce wa masu tambaya,
"Ba kowa nan sai ni da akuyata."
Amma kafin in shige na waiga,
na ga yaro da bidon mai a ka.
Mutari ne, ɗan majemi,
wanda na taɓa cire wa ƙaya a diddige.

An sake gini.
Ƙofar ƙarfe, shuɗin fenti,
sabon kwaɗo daga Kasuwar Dole.
Kowace Lahadi in muka zo gaɓar yafiya a addu'a
bakina yana tafiya tare da jama'a,
hannuna yana aljihu
yana matse haƙoran ƙarfe har su yi mini shaida a tafi.

Bana bazara ta yi tsanani.
Duwatsun Birni ko ƙadangare ya ƙi hawansu,
famfon unguwa ya yi shiru kwana goma sha ɗaya,
Lai'atu na kwance, zazzaɓi na dafa ta.
Na tsaya a bakin titi ina jiran mai ruwa.
Kura ɗaya ta ɓullo, tana kuka da ƙafa guda,
mai turin ya yi gemu,
takalminsa an ɗaure da waya.
Ya gane ni. Na gane shi.

Bai ce in yafe ba.
Ni ma ban ce komai ba.
Ya juye bido biyu a randa, idonsa a ƙasa,
na ƙirga masa kuɗi, yatsunmu ba su haɗu ba.
Lai'atu ta shanye moɗa guda, ta ce a ƙaro.
Ruwan dai ruwa ne,
bai yi warin mai ba.

Da dare na hau tabarma na kasa barci.
Ya Almasihu,
kai da ka tashi da ramukan ƙusa a hannu,
ba ka bi gida-gida kana neman mai guduma ba.
Ni ga ni da ƙofa a buɗe
ina gadin wadda ta zama toka.
Na yi tsammani amana nake riƙo,
ashe ni aka kulle.

Ran Alhamis na je maƙerar Cindo.
Ya juya mabuɗin, ya ce, "Na ina ne?"
Na ce na wani wuri ne da aka tashi.
Ya sa shi a wuta.
Wuta kuma, karo na biyu,
amma wannan ni na biya mai zuga.
Ya buga, ya miƙar, ya wasa,
ya miƙo mini basilla da sauran ɗuminta.

Ba zan ce zuciyata ta yi fari ba.
Har yau hannuna kan faɗa aljihu
ya lalubo facin Lai'atu kawai,
ya fito kamar baƙon da ya ɓata gida.

Na sayi zaren jima da guntuwar fata.
Gobe da hantsi kurar nan za ta wuce.
Ubangiji, ka riƙe mini murya
in iya cewa,
"Mutari, tuɓe takalmin nan, zauna."